Yadda Ake Noman Furen Kalendula da Ganyayyakin Ƙamshi a Tsakar Gida a Zariya

Kalendula fure ne mai launin ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, asalinsa daga kudancin Turai da ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Mutanen can sun daɗe suna zuba shi a miya, suna rina man shanu da cuku da shi, suna kuma haɗa man shafawa da shi. A wajenmu bai yi suna ba tukuna, amma yana yi a Zariya, yana kuma yi da kyau matuƙar an shuka shi a lokacinsa. Yawancin waɗanda suka ce min sun gwada bai yi musu ba, idan na bi diddigi sai in tarar a farkon damina suka shuka, don mun saba da zarar ruwa ya sauka sai a ɗauki iri. To kalendula ba ɗan damina ba ne. Ɗan lambu ne, sahunsu ɗaya da salak da karas da kabejin da masu lambun bakin Galma ke nomawa da sanyi. Zafi da laima suna kashe shi, sanyin hunturu kuwa shi ne abin da yake so.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa, yana fure ne daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da iskar hunturu ke fasa leɓe, ƙafa ta yi kaushi, fatar yara ta yi furu-furu. Kafin sanyin ya wuce kin haɗa man da za ki shafa da hannunki. 'Yar'uwa, ko a gidan haya kike, bokiti uku da lungun da rana ke shiga sun ishe ki farawa.

Kayan da za ki tanada

- Irin kalendula. Ƙaramar fakiti ɗaya ta isa gida.
- Mazubi: tsohon bokitin fenti, tukunyar ƙasa da ta tsage, jarkar da aka yanke kanta, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa. Zurfinsa kada ya gaza santimita 20 zuwa 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan kina da fili, fangali ya fi.
- Ƙasar gona, yashi, da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki.
- Ƙaramar fartanya, rariya, da ƙusa ko tsinken ƙarfe na huda mazubi.
- Abin ban-ruwa. Idan babu, ki huhhuda murfin gorar ruwa da allura mai zafi.
- Tsohon gidan sauro. Zai yi miki aiki sau biyu: kare tsiro da rufe shanya.
- Faifai ko tire na shanya, kwalba mai murfi, farin ƙyalle mai tsabta, man zaitun ko man riɗi ko man kwakwa, da kakin zuma ko man kaɗe. Waɗannan sai bayan wata biyu za ki neme su, kada su hana ki farawa.

Mataki na 1: Ki tabbatar irin da ke hannunki kalendula ne

A nan ake yawan faɗawa rami. Akwai wani fure mai irin wannan launin da masu sayar da fulawa a bakin titi ke da shi da yawa, wanda ake jerawa a gaban ofisoshi da makarantu. Turawa suna kiran su biyun da suna ɗaya, shi ya sa mai sayarwa zai miƙo miki shi da zuciya ɗaya yana ganin abin da kike nema ke nan. Ba shi ba ne. Wancan sunansa na kimiyya Tagetes, na ado ne, ba da shi ake man da muke magana ba.

Ki duba jikin fakiti ki ga an rubuta Calendula officinalis. Idan irin a ƙulle yake a leda babu rubutu, ki zuba a tafin hannu. Na kalendula lanƙwasasshe ne, ruwan ƙasa-ƙasa, bayansa da kaushi, girmansa bai zo ɗaya ba, wani ya naɗe, wani ya buɗe. Na wancan kuwa siriri ne miƙaƙƙe, baƙi, da ɗan fari a kansa. Idan kuma dashe aka kawo miki, ganyen kalendula dogo ne bai rarrabu ba, yana da ɗan gashi da danƙo idan kin taɓa. Na wancan a tsattsage yake, kuma warinsa na hawa kai.

Ba kowane shagon iri ke ajiye shi ba. Ki tambaya a wurin masu sayar da irin kayan lambu a Sabon Gari da Samaru, idan ba a dace ba ki nema wurin masu sayarwa ta intanet, amma ki sa su turo miki hoton fakitin da kwanan watan da ke jiki kafin ki biya. Sau ɗaya za ki saya. Daga shekarar farko ke ce mai iri.

Mataki na 2: Lokaci da wuri

Ki jira damina ta ɗauke. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba shi ne lokacin shuka a Zariya. Wanda aka shuka a Disamba ma yana yi, sai dai kwanakin furensa ba su da tsawo, don zafin Maris zai riske shi. Kalendula ya fi sakewa idan yanayi na tsakanin digiri 15 zuwa 25. Da zarar rana ta fara haura 30 a kai a kai sai furen ya ƙanƙance, daga baya ya daina. Bazarar Zariya kuwa, a Maris da Afrilu, ta wuce nan nesa.

Wurin da za ki ajiye shi ya riƙa samun rana kamar awa 6, kuma ranar safe ta fi ta yamma. Gindin katangar da rana ke bugawa da hantsi, inuwa ta rufe bayan azahar, ya yi daidai, ga shi katangar za ta tare masa iska. Kada ki sa shi ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, zai yi tsawo ya langaɓe, fure sai ɗai-ɗai.

Mataki na 3: Haɗa ƙasa

Ƙasar tsakar gida a unguwanni da yawa jar ƙasa ce mai marmara, da rani takan ƙame, ruwa ya kwanta a sama bai shiga ba. Ita kaɗai ba za ta yi ba. Ki auna da kwano ko bokiti ɗaya: ƙasa awo 2, yashi awo 1, ruɓaɓɓen taki awo 1. Ki farfasa ƙullutu, ki tankaɗe da rariya mai manyan ido, ki cakuɗa sosai. Alamar haɗin ya yi, idan kika ɗan jiƙa kika dunƙula a hannu zai haɗu, idan kika danna da yatsa ya wargaje.

Takin ya zama wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi idan kin tura hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, kada ki kusanta shi sai ya yi watanni a tare. Idan babu taki, ƙasar tsohon turken awaki ta wadatar. Idan babu yashi, ruɓaɓɓen buntun shinkafa yana sassauta ƙasa. Ƙasar bola kuwa ban yarda da ita ba ga abin da za a ci ko a shafa a jiki, don ba ki san me aka zuba a wurin ba, daga mataccen batir har baƙin mai.

Kada ki cika taki da niyyar kyautatawa. Kalendula idan ya ƙoshi da yawa ganye yake yi shar, fure ya ƙi zuwa. Saboda haka ma ba ya buƙatar takin zamani, musamman yuriya.

Ki huda gindin mazubi wuri 5 ko 6, ki ɗora shi a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma kada ta samu hanyar shiga. Ki cika shi da ƙasa, ki bar kamar yatsa biyu daga baki. Ki ba shi ruwa ya jiƙu har ƙasa, ki bar shi ya kwana.

Mataki na 4: Shuka

Ki yi ɗan rami da yatsa, zurfin santimita 1, bai kai gaɓar yatsa ba. Ki sa ƙwaya 2 ko 3, ki rufe. Irin yana son a rufe shi, ba a barinsa a sarari, amma idan ya nutse da yawa ba zai iya fasowa ba. A bokitin fenti rami ɗaya ko biyu ya isa. A fangali ki bar santimita 25 zuwa 30 tsakanin rami da rami. Na san za ki ga kamar ɓarnar wuri ce, amma nan da wata guda za su haɗe, kuma cunkoso ne ke jawo ciwon ganye.

Ki yayyafa ruwa a hankali, ki rufa gidan sauro a sama ki danne gefensa da dutse. Ƙadangaru da kaji ba sa barin sabon tsiro, rana ɗaya za su share miki aikin mako biyu. Zai fito cikin kwana 5 zuwa 14. A wannan tsakanin kada saman ƙasar ya bushe, safe da yamma ki ɗan yayyafa.

Idan irin kaɗan ne kina tsoron asara, ki rene shi a ledojin fiya-wata da kika yanke bakinsu kika huda gindinsu, ƙwaya ɗaya a kowace leda. Idan ya yi ganye 4 sai ki yage ledar ki dasa da ƙasarsa, da yamma, ki ba shi ruwa nan take.

Mataki na 5: Ragewa, ban-ruwa da tsinke kai

Idan tsiron ya yi ganye 4, ki bar mafi ƙarfi a kowane rami, sauran ki cire a hankali ki dasa a wani mazubin. Yana jure dashe yana ƙarami.

Game da ruwa, yatsanki ne ma'auni. Ki tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta farko, idan da danshi ki bari, idan a bushe ki ba shi har ya fara ɗiga ta gindi. Da iskar hunturu mazubi yakan nemi ruwa kullum, buhu da tukunyar ƙasa sun fi bokitin roba saurin bushewa. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma da safe ya fi. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke kamuwa da cuta.

Duk mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya san tsadarsa da rani, don haka ki yi dabara. Ruwan alwala da aka tara a baho, da ruwan wanke shinkafa ko kayan miya, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. Ki kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a saman ƙasar, zai rage miki yawan ban-ruwa sosai. Ki dai riƙa ɗagawa kina duba gara.

Idan ya kai tsawon santimita 10 zuwa 15, ki sa farce ki tsinke kan tsakiyar. Masu farawa suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar cutar da shi ne. Ki daure ki yi. Wanda aka tsinke wa kai rassa yake fitarwa ta gefe, kowane reshe da furensa. Wanda aka ƙyale sanda ɗaya zai miƙe.

Mataki na 6: Ƙwari da cuta

Darɓa ce babbar matsala, ƙananan ƙwarin nan kore ko baƙi da ke taruwa a ƙarƙashin ganye da kan toho. Idan kika ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shukar, ki juya ganye ki duba. Tun suna kaɗan ki murje su da yatsa ko ki wanke da ruwa. Idan sun yi yawa, ki daka ganyen darbejiya cikin tafi biyu, ki jiƙa a lita 2 na ruwa ya kwana, ki tace, ki ɗan goga sabulun wanka kaɗan a ciki don ya kama ganye, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen. Ki maimaita bayan kwana 4 ko 5. Furen da za ki tsinka kada ki fesa masa, don ɗaci.

Idan kika ga wani fari-fari kamar an barbaɗa gari a ganye, cutar fumfuna ce, cunkoso da rashin iska ke kawo ta. Ki cire ganyen da ya kamu ki ƙona, ki ware mazuban da juna.

Maganin feshi na gona da fiya-fiya kuwa, don Allah kada su zo kusa. Furen nan a fata zai ƙare, wani a baki.

Mataki na 7: Tsinkar fure

Daga shuka zuwa furen farko mako 6 zuwa 8 ne. Ki tsinka da hantsi, bayan raɓa ta bushe furen ya buɗe sosai, don kalendula yana rufewa da dare. Ki cire kan furen gaba ɗaya tare da koren gindinsa. Za ki ji yatsunki na danƙo. Wannan danƙon shi ake nema, kuma a koren gindin ya fi yawa, shi ya sa ba a yar da shi idan mai za a yi.

Duk bayan kwana 2 ko 3 ki zagaya ki tsinke duk wanda ya buɗe. Kada ki bar su don ado. Shukar nan da zarar ta ga ta fara ɗaura iri sai ta rage fure, idan kuwa ana tsinka tana ƙarawa. Ko wanda ya yi yaushi bai yi miki ba, ki cire shi.

Mataki na 8: Shanya

Wannan matakin shi ne ke raba mai kyau da ɓatacce, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kada ki wanke furen. Ki kakkaɓe shi kawai don ƙwari su fita. Ki jera a faifai fuska a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kada su hau juna. A inuwa ake shanya shi, a ɗaki ko rumfa mai iska, ba a rana ba kamar barkono ko kuɓewa. Rana tana cinye launin. Ki rufa gidan sauro saboda ƙurar hunturu, ki riƙa juyawa kullum.

Fallayen suna bushewa cikin 'yan kwanaki, sai ki ɗauka an gama. Ba a gama ba. Koren gindin yana riƙe ruwa a cikinsa, yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Ki ɗauki mafi girma ki fasa da yatsa. Idan ya karye ƙaras ya marmashe, ya bushe. Idan ya lanƙwashe ko kika ji sanyi-sanyi a tsakiyarsa, ki mayar. Fure ɗaya mai danshi ya isa ya sa kwalbar mai ta yi fumfuna, a yi asarar furen da man gaba ɗaya. Sa'ar da muka yi, busasshiyar iskar Janairu tana yi mana rabin aikin.

Wanda ya bushe ki zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, ki ajiye a duhu. Yana kai shekara, amma idan launin ya koɗe ƙarfinsa ya tafi.

Mataki na 9: Jiƙa shi a mai

Ki wanke kwalba ki bar ta ta bushe ƙayau, ko ɗigon ruwa kada ya rage. Ki zuba busasshen fure zuwa rabi ko ya ɗan wuce, ki ɗan murmushe shi. Ki zuba mai har ya rufe furen ya haura da yatsa biyu. Ki sa tsinke mai tsabta ki zuzzunguri don iska ta fita, ki rufe. Ki ajiye a wuri mai ɗan ɗumi da rana ba ta dukansa kai tsaye, kina girgizawa kullum ko bayan kwana biyu, tsawon mako 4 zuwa 6. Ki rubuta ranar da kika jiƙa a jikin kwalbar. Idan furen ya sha mai ya leƙo sama, ki ƙara.

Man zaitun na fi so, don ba ya saurin lalacewa, amma ki tabbatar mai kyau ne ba gauraye ba. Man riɗi yana yi. Man gyaɗa ma yana yi idan shi ke gare ki, sai dai ƙamshinsa zai danne.

Man kwakwa da man kaɗe suna daskarewa da sanyi, don haka hanyarsu daban ce, kuma ita ce hanyar mai gaggawa. Ki zuba furen da man a kwanon silba, ki ɗora kwanon a cikin tukunyar da ke da ruwan zafi, a kan wuta kaɗan-kaɗan, awa 2 zuwa 3. Man ya yi ɗumi ne kawai, yadda za ki iya tsoma yatsa ki cire. Idan kika ji ƙamshin suya, wuta ta yi yawa. Ki kula tururi ko ruwan tukunya kada ya shiga kwanon, ki riƙa ƙara ruwa idan ya ƙone.

Ko ta wace hanya kika bi, ki tace da farin ƙyalle, ki matse sosai, ki bar shi ya kwana ya kwanta, sannan ki tsiyaye na saman a busasshiyar kwalba. Zai fito ruwan zinariya. A wuri mai sanyi da duhu yana kai wata 6 zuwa shekara. Hancinki zai gaya miki idan ya juya.

Mataki na 10: Mai kauri na kaushi da leɓe

Cokali 4 na man kalendula, cokali 1 na narkakken kakin zuma. Ki narka su tare a kwano cikin ruwan zafi kamar ɗazu. Ki ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ki jira minti ɗaya. Idan ya yi ruwa ki ƙara kaki, idan ya yi tauri ki ƙara mai. Wanda zai kai bazara ki ɗan ƙara masa kaki, don zafin Afrilu yana narkar da shi. Ki juye a ƙananan gwangwanaye, kada ki rufe sai ya huce.

Kakin ki tambayi masu sayar da zuma. Idan saƙar suka ba ki bayan an matse, ki tafasa ta a ruwa, ki tace da ƙyalle tun da zafi, ki bar shi ya kwana, da safe kakin zai daskare a saman ruwan ki ɗauke. Idan babu kaki sam, ki haɗa man kalendula da man kaɗe rabi da rabi, ki buga da cokali yana hucewa har ya yi laushi.

Ga mai kaushi da faso, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, a goge da dutsen goge kaushi, a tsane, a shafa, a sa safa.

Abin da yake yi da wanda ba ya yi

Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen kalendula a matsayin maganin gargajiya na ƙananan matsalolin fata, irin su ƙunar rana da ƙaramin rauni, da kuma ɗan kumburin baki ko maƙogwaro. Na kurkurar baki, ana zuba giram 1 zuwa 2 na busasshen fure, kamar cikin babban cokali, a ƙaramin kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a tace, a kurkura da ɗuminsa. Iyakarsa ke nan, kuma ya isa abin godiya. Rauni mai zurfi, ƙuna mai faɗi, gyambon da ke ruwa, ko ciwon ƙafar mai ciwon suga, asibiti za a kai, kada a tsaya shafe-shafe.

Kalendula dangin shuwaka da salak ne a wurin masana tsirrai, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wannan dangin. Ki fara shafa kaɗan a cikin hannu ki jira kwana ɗaya. Idan ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki bari. Mai juna biyu kada ta sha. Jariri kuma a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a shafa masa.

A kicin, fallayen kaɗai ake amfani da su, ban da koren gindin don yana da ɗaci. Ki watsa a dafa-duka ko farar shinkafa ta ɗauki launi, ko a kan kwaɗon salak.

Sauran ganyayyakin da za su zauna tare da shi

Na'a-na'a ba sai kin sayi iri ba. A cikin ƙullin da kika sayo na shayi ki zaɓi rassa masu ƙarfi, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa kina canzawa bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu saiwa za ta fito, sai ki dasa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai, mai faɗi, don saiwarta na yaɗo ta ƙarƙashi, idan kika haɗa ta da wani za ta mamaye shi. Tana son ruwa fiye da kalendula, tana kuma son inuwar yamma. Da bazara ki matsar da ita inuwa sosai. Idan ta tsufa ta yi sanduna, ki aske ta saura yatsa biyu, ki barbaɗa taki, za ta dawo sabuwa.

Lafsur ya fi kowa sauri, kuma shi nake ba wa yara su shuka. Ki watsa irin a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa ki ɗan danna, cikin kwana 2 zuwa 4 ya fito, bayan mako 2 zuwa 3 kin fara yanka. Shi ma ɗan sanyi ne. Ki riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu maimakon ki zuba duka rana ɗaya. Hulbar da ke kicin ɗinki ma tana tsirowa idan ba a soya ta ba. Ki jiƙa ta kwana ɗaya ki shuka inda za ta zauna, don ba ta son dashe. Ganyenta ana sa shi a miya bayan mako 3 zuwa 4, da ɗan ɗaci-ɗaci.

Ɗoɗɗoya kishiyar kalendula ce, zafi da damina take so, da sanyi takan tsaya cak. Tana kamawa ta iri ko ta reshe. Ki riƙa tsinke furenta da ya leƙo don ganye ya yi yawa. Ciyawar shayi, wadda ake kira lemongiras, a gindi ake raba ta: ki roƙi maƙwabciya ta ɓantaro miki biyu ko uku da saiwarsu, ki datse ganyen, ki dasa a babban buhu a farkon damina. Gefen ganyenta yana yanka hannu, ki nisanta ta da inda yara ke wasa.

Citta kuwa 'yar jiharmu ce, Kachiya da ƙasar Jaba sun yi suna da ita. Ɗanya mai ido za ki samu, ki gutsuttsura kowane yanki da ido ɗaya ko biyu, ki bar yankan ya sha iska kwana ɗaya, ki binne a buhu a Afrilu ko Mayu, a wurin da ke da inuwa-inuwa. Tana ɗaukar wata 8 zuwa 9, sai ganyen ya bushe ake tonowa. Kurkum ma haka ake yi masa.

Mataki na ƙarshe: Ajiye iri da juya mazubi

Tun a tsakiyar Fabrairu ki zaɓi shuka 2 ko 3 da suka fi lafiya da cikar fure, ki ɗaura musu zare don kada ki manta, ki daina tsinkarsu. Fallayen za su zube, kan ya yi kore, sannan ya koma ruwan ƙasa. Idan kika murza irin ya zubo da kansa, ya nuna. Kada ki yi jinkiri, don yana zubewa ƙasa. Ki ƙara shanya shi mako ɗaya a inuwa, ki zuba a ambulan ɗin takarda, ki rubuta suna da shekara, ki sa ambulan ɗin a kwalba mai murfi saboda laimar Agusta. A leda kai tsaye yakan yi gumi ya ruɓe. Irin da aka adana haka yana shekara 2 zuwa 3 yana tsirowa.

Idan zafin Maris ya kwantar da shukar, kada ki yi ta ɓarnar ruwa a kanta, shekararta ɗaya ce dama. Ki tuge ta, ki juye ƙasar mazubin a kan buhu ta sha rana kwana biyu, ki ƙara mata taki awo ɗaya, ki mayar. A Afrilu da Mayu citta da ɗoɗɗoya da ciyawar shayi su shiga. Ɗoɗɗoyar za ki iya tugewa a Oktoba ki mayar da kalendula gurbinta, amma buhun citta ki ware shi daban, don ba za ta tashi ba sai Disamba ko Janairu.